Zanen da Na Ɗaure wa Baban Yara

A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, kafin fam ya zama naira, aka yi wa mijina aiki a asibitin mishan. Direban babbar mota ne, yana kai busasshiyar citta daga Kwoi zuwa Kano. Ƙato ne na gaske, sitiyari har gogar tumbinsa yake. Gyambon ciki ya kama shi, likita ya yanke rabin cikin. Ya dawo Kafanchan wando na zame masa, cokali biyar na kunu ya ƙoshi.

Likita ya ce kada ya taɓa mota sai bayan wata uku. Sati huɗu kacal mai motar ya aiko, wai citta ba ta jira, in bai fito ba zai ba wani makulli. Shekara goma sha ɗaya motar nan tana hannunsa. Na ce masa wurin ɗinkin zai buɗe a hanya. Ya jawo takalminsa.

To, ni ban shiga aji ba, amma na haifi shida, na san yadda ake riƙe ɗanyen ciki. Na ɗauko zanen da nake ɗaure cikina da shi lokacin jego, na naɗe shi tamau daga ƙirji zuwa ƙugu.

Ya ce, "Maman yara, ni ma mai jego ne?"

Na ce, "Ɗaga hannu, Baban yara. Saura wankan ruwan zafi."

Ya fara dariya, ya dafe wurin, ya bari.

Na bar wa uwata yaran, na hau gaban mota da gorar kunun acca. Duk ramin da muka faɗa sai in leƙa rigarsa, ko jini ya ɓullo. Duk garin da muka tsaya, cokali uku. A Zariya abokansa direbobi suka hango bakin zanen ta ƙasan riga, suka ce, "Barka da sauka lafiya! Mace ko namiji?" Suka tura masa tuwo da nama. Na janye kwanon na cinye a gabansu.

A Kano, da aka sauke kaya, na kwance zanen a inuwar motar, a hankali, ina addu'a a zuci. Wurin a bushe yake, ko ɗigo babu. Ya riƙe hannuna a kan wurin. Can ya ce, "Sake ɗaurewa. Akwai komawa."

Ya tafi wurin Ubangiji tuntuni. Cikin waɗanda suka ga tafiyar nan saura ni, sai direba ɗaya da ke zaune wurin 'yarsa a Madakiya, idonsa ya riga ya tafi.