Hannun Ladidi

A kasuwar Goronyo, ta wajen 'yan albasa, akwai wata mata mai sayar da kunun zaƙi da ake kira Ladidi. Da hagu take miƙa wa mutane kofi, don hannunta na dama a karkace yake tun daga gwiwa. Baƙo kan ɓata rai. 'Yan gari sun san dalili.

A wani ƙauye kusa da Kagara ta yi aure, gidan Maccido manomin albasa. Ɗanta na fari zawo ya kashe shi. Tsofaffin gida suka ce haƙora ne, a rage masa ruwa cikin ya tsaya. Aka rage, maɗigarsa ta faɗa, ya bushe a hannunta. Da ta samu wani cikin, wata ma'aikaciyar asibiti ta koya musu wajen awo yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, ta ce kada a janye nono ko da yaro na amai. Ladidi ta riƙe maganar. 'Ya'ya huɗu ta raina bayan haka, duk sun yi zawo, duk sun tashi.

Da hantsi 'yan bindiga suka shigo, ana tsakiyar cirar albasa. Ta ji rurin babura kafin ta ji harbi. Maccido ya taso daga fadama da gudu, suka harbe shi a bakin rijiya tana kallo. Suka cinna wa rumbuna wuta, suka kora shanu, suka tasa mata da ƙananan yara gaba. 'Ya'yanta sun tsira ta cikin karan dawa, ita aka kama. Wata tsohuwa ta kasa tafiya, suka sare ta a hanya, aka wuce.

A dajin da aka ajiye su ruwa ɗaya ne, wani tafki da shanu ke shiga har ciki. Ba a daɗe ba yara suka fara zawo. Wanda ya fi galabaita shi ne Faruk, jaririn wata ƙaramar uwa mai suna Mashkura. Ladidi ta lura ba ta ba shi nono.

"Mi ya hana ki ba shi?"

"Inna, an ce nonon firgita dafi ne."

"Wa ya ce? Sa shi a nono yanzu, ina kallo."

Mashkura ta sa shi. Ladidi ta tashi ta nufi gindin wata tsamiya inda masu gadin su ke dafa shayi. Ta durƙusa ta ce tana roƙon sukari da gishiri da tukunya. Wani mai jan rawani ya ce ta koma. Ba ta koma ba. Ya ɗaga gindin bindiga ya sauke mata, ta kare kanta da hannu, ƙashin ya ce ƙas. Ya bi ta da ƙafa a ciki har ta yi amai. Matan suka rufe fuskokin 'ya'yansu.

Da ta farfaɗo ta rarrafa ta koma wurin.

"Ku kashe ni in kun so. Ɗiyan ga mutuwa za su yi."

Babbansu ya dube ta, ya ce da mai jan rawanin, "Ba ta. Gawa ba ta da amfani gare mu." Suka jefo mata wata tsohuwar tukunya da ƙullin sukari da gishiri.

Ba ta iya ɗaga komai, sai ta sa Mashkura. Aka tace ruwan da bakin zane, aka tafasa, aka bar shi ya huce. Babu cokali. Ladidi ta ce a zuba sukari da tafin hannu, gishiri da yatsu, ta ɗanɗana. "Kada ya fi hawaye gishiri," ta ce. Da murfin gora aka riƙa ɗiga wa yaran, kaɗan-kaɗan. Wanda ya yi amai a dakata, a sake. Hannunta ya kumbura ya yi baƙi, zazzaɓi na kaɗa ta, tana kwance tana faɗin wanda za a ba.

Faruk ya buɗe ido, ya yi fitsari. Wasu yaran ma suka farfaɗo. Amma ɗiyar Adama, wata maƙwabciyarta, ta riga ta yi nisa, ba ta iya haɗiya. Ta cika da la'asar. 'Yan bindigar suka hana a yi mata wanka, suka sa aka tona rami da itace. Adama ta dawo daga ramin ta shaƙe Ladidi.

"Ruwanki ya kashe min ita!"

Da ƙyar aka ɓamɓare ta.

Sun kuɓuta ne ranar da wata ƙungiyar 'yan bindiga ta far wa masu tsaron su da tsakar rana. Ana ta harbi, matan suka goya yara suka bi ta cikin kwari. Harsashi ya samu mata biyu a baya. Sauran suka ɓulla ta wajen Rabah, ƙafafu duk ƙaya, Mashkura na riƙe da tukunyar.

Mai ɗori ya ce ƙashin ya riga ya kama a karkace. Ladidi ta tattara 'ya'yanta ta zauna Goronyo wajen ƙaninta, ba ta sake taka ƙauyen ba. Adama tana Wurno yanzu. Sun haɗu sau ɗaya a wani suna, Ladidi ta gaishe ta, ta kau da kai. Aka tambayi Ladidi ko abin ya yi mata zafi, ta ce ta san abin da Adama ke ji, a ƙyale ta.