Yadda Muka Je Karɓar Ledar Biskit da Kawu Bitrus

Kafanchan

Zakara bai gama gyara murya ba Mama ta buga min ƙofa. "Dogara, tashi, motar kawunka na waje." Na fito da takalmi ɗaya a hannu.

Ga abin da ya fitar da mu. Anti Rahila, nas ɗin unguwarmu, ta koma ƙarin karatu, aka ba ta bincike: ta gano yawan abincin kamfani da ma'aikata ke ci, su biskit, taliyar leda, lemon kwalba, da abin da yake yi wa jikinsu. Ta ce in ka tambayi mutum me ya ci jiya, zai ce tuwo, ko da ƙamshin biskit na fita daga bakinsa. Shi ya sa ta raba wa mutane jaka tun satin baya, duk abin da suka ci su jefa ledar ciki. Yanzu za mu bi mu karɓa, ta auna lafiyar masu jakar. Ni ne oga mai ɗaukar sikeli.

Amma Mama ta ba ni nata aikin. Direbanmu, Kawu Bitrus, yayanta ne. Tun da suka yi cacar baki kan gonar cittan da kaka ya bari, ya daina cin abincin hannun kowa. Wai an sa masa abu a miya. Sai abin da ya zo a rufe ya buɗe da hannunsa. Yana ta ramewa, wando sai da igiya.

"Ka sa Rahila ta auna shi," Mama ta raɗa min, "kafin ya mutu a ce ni ce." Ta miƙa masa kular pate ta taga. Ya kalli kular kamar maciji ne a ciki.

"Na ƙoshi, Saratu." Ya ja mota.

Zangon Kataf

Kafin Zonkwa mun tsaya fitsari har na gaji da ƙirga.

"Kawu, tankinka na yoyo ne?"

"Bakinka ne ke yoyo."

Ya buɗe lemo, ya kasa kunne. In murfi bai yi tsss ba, ba ya sha.

Rana ta ɗan ɗaga muka shiga wata firamare a Zangon Kataf. Malamai sun jeru da jakunkuna, kowa na kallonmu ta gefen ido. Wani dogo ya riƙe tasa gam.

"Sista, tsaya. Ki karɓi ragowar abin da na ci, ki ɗebi jinina, ki auna cikina da igiya. Saura me? Gashin kaina?"

Sai da hedimasta ta fara ba da yatsa aka soka kafin ya yarda, shi ma yana addu'a a bayyane. Ita kuwa hedimastan, leda ɗaya tak ce a jakarta, an miƙar da ita kamar an yi mata guga. Da ta jawo durowa neman biro, murafen lemo suka yi kacau-kacau. Na kalli silin. Anti ta taka min ƙafa.

Na leƙa waje na ce, "Kawu, zo a gwada ka, kyauta ne."

"Kyauta ce ta kawo ni inda nake."

A gidan wani fasto muka sauka. Matarsa ta kawo tuwon acca da miyar karkashi, na ci har na kwance maɓalli. Kawu ya ce azumi yake. Da safe na je saka sikeli a mota, na ga azumin a ƙarƙashin kujera: ledoji sun fi na malamai uku.

Kasuwan Magani

Ta Kachia muka bi. A shingen sojoji wani ya buɗe but ɗin mota, ya ga jakunkuna cike da leda, ya daɗe yana kallon Anti.

"Madam, shara kuke safara?"

Ta nuna katin makaranta. Ya shinshina jaka ɗaya ya ce mu wuce, amma har muka yi nisa yana rubuta lambar motarmu.

Bayan shingen ne abin ya daina ba ni dariya. Hanya miƙaƙƙiya, ba rami, sai na ji taya na cin ciyawa. Anti ta ƙwala, "Yesu!" Kawu ya taka burki, gumi na zuba.

"Idona ya yi hazo. Sun biyo ni."

"Su wa, Kawu?"

"Uwarka ta sani."

Muka lallaɓa cikin gari. Mama fa kullum sai ta zuba nasa a kula, ni nake dawo da shi da sanyi.

A rumfar wani tela Anti ta baza kaya, teloli da masu walda suka yi layi. Kawu na zaune kan benci yana kallon hannunta. Na ɗauki allura ɗaya cikin ledarta na je wurinsa.

"Kawu, duba. A rufe take, daga kamfani, kamar biskit ɗinka. Mama ba ta taɓa ganinta ba. Kai za ka buɗe da hannunka."

Ya juya ta gaba da baya. Ya ɗaga ta ga rana. Ya matse ledar ya ji ko iska na fita. Can ya yage, ya miƙa wa Anti yatsa.

Lambar da ta fito, Anti ta goge gilashin injin ta sake dubawa. Ta ɗaura masa abin awon hawan jini, ta cire, ta miƙa hannu.

"Bitrus, ba ni makullin mota."

"Injin nan, wa ya saya miki? Saratu?"

Anti ba ta yi musu ba. Ta kama yatsana ta soka, abeg ba ta ko tambaye ni ba, ta soka nata, ta soka na tela. Ta nuna masa namu, ta nuna masa nasa.

"Sugarka ya hau sosai. Shi ke kawo fitsarin nan, da ramar, da hazon. Asibiti za su tabbatar. Ban ce lemo kaɗai ya jawo ba, amma wata da watanni kana zuba masa fetur."

Kawu ya kalli kwalbar da ke hannunsa, rabi saura. Ya daɗe. Ya ajiye ta ƙarƙashin benci.

Gida

Wani direba muka samu a tasha ya tuƙo mu, Kawu a baya tsakanin jakunkunan shara. Anti ta sa shi rantsuwa gobe da safe za su je asibiti tare.

Muna shiga, Mama ta karanta fuskata, ta shiga kicin ta fito da pate mai zafi, gauta da yakuwa sun ji. Ta ajiye gabansa ta koma gefe. Kawu ya kalli kwano, ya kalle ta, ya turo min cokali.

"Fara ci."

Na ci cokali biyar.

"Na ce ɗanɗana, ɓarawo!" Ya jawo kwanon. Ya zuba min ido ya ga ban faɗi ba, sannan ya kai baki. Mama ta juya baya, wai hayaƙi ya shiga idonta.

Godiya ga Ubangiji da ya tsayar da tayar nan a ciyawa, da matar fasto mai tuwon acca. Kawu yana shan magani, yana cin abincin Mama. Amma har yau ba ya kai loma sai na fara.