Katakon da Aka Cire daga Bangon Bature

Kakata, wadda muke kira Iya, ba ta cika son tatsuniyar dabbobi ba. Idan muka kewaye wutar da take bandar kifi da yamma, a gidanmu na Haɗeja, labarin mutane take ba mu, musamman na kakanmu magini, wanda ya rasu kafin a haife ni. Malam take ce masa, kuma tsiya kam tana yi masa ita son ranta, ga shi ba ya nan balle ya rama.

Wanda na fi so shi ne na tayil. A zamanin Turawa aka kawo akwatunansa ta jirgin ƙasa, jakuna suka ƙaraso da su gari, don a manna a bangon ɗakin wankan wani Bature. Baturen ya nuna wa Malam yadda ake shafa siminti a manna, ya tafi rangadin kwana bakwai. Ya bar magana cewa in aikin bai yi ba, daga Kano zai ɗauko magini, Malam kuwa shi da aikin gwamnati har abada.

Malam ya yi abin da duk mai ginin tubali zai yi, ya faro daga ƙasa. Ashe daɓen ɗakin a gangare aka yi shi, don ruwa ya bi rariya. Layin farko ya bi daɓe, na biyu ya bi na farko, kafin a kai na biyar bango ya koma kamar haƙoran tsohuwa. Ya ɓamɓare tun siminti bai kama ba, ya sake, abin ya sake karkacewa. Kwana uku yana dawowa gida ba ya ko kallon tuwo.

"Sai tausayinsa ya kama ni," in ji Iya. "Na ce, Malam, kai da ka tashi a bakin kogi, ka taɓa ganin ambaliya ta bar shaidarta a karkace a jikin bango?"

Ranar kuwa ya ci tuwo. Washegari ya toshe ƙofa da rariya da laka, ya sa aka zuba ruwa har idon sawu. Da ruwan ya kwanta, ya bi bakinsa da gawayi. Daga wannan layi ya auna sama kaɗan, ya kafa siririn katako da ƙusa a kowane bango, ya ɗora layin farko a kansa. Tayil ya zauna daram, bai zame ba. Da siminti ya bushe ya cire katakon, ya yanke na ƙasa ɗaya bayan ɗaya ya cike gurbin. Bature ya dawo ya shafa bango, ya ce bai ga magini irin Malam ba.

Na taɓa tambayarta ko Malam ya faɗi mai dabarar. Ta yi dariya, ta juya kifinta.

"Ɗan nan, aikin katako ya riƙe tayil har ya kama. Wa ka ga ya shiga wanka yana tambayar ina katako?"

A lokacin, dariya na taya ta. Yanzu ni ma tayil nake mannawa, kamar yadda ubana ya yi, kuma duk ranar da na zare katako na jefar gefe sai ta faɗo mini a rai. Mu uku, Malam da ubana da ni, muka ci abinci da shawararta. Har yau a gari jikan Malam magini ake ce mini. Babu wanda ya taɓa ce mini jikan Iya, kuma wannan yana yi mini ciwo.