Mai Farin Yadi a Bakin Kwata

Mastura mai awara ba ta san sunansa ba, amma ta ga irinsa da yawa a Agege. Farin yadi ya sha guga, ga turare kamar an yi ɓarinsa. Yadda yake nuna shanun da ke kusa da teburinta da makullin mota, ka san garken nasa ne, kuma bai taɓa riƙe shebur ba.

A bayan garken akwai durom da masu kiwon suka cika da tsakuwa, yashi da gawayi. Ruwan wankin garke yana shiga baƙi ƙirin, yana fita garau, sai dai a hankali. Shi kuwa sauri yake yi, masu sayen shanu suna hanya, ga ruwa ya kwanta. Sai kawai ya sa ƙafa ya ture bututun da ke kai ruwan cikin durom ɗin. Ruwan kashin shanu ya kwararo, ya bi ta ƙarƙashin teburin Mastura, masu sayen awara suka watse.

"Haba Alhaji, abinci fa nake sayarwa!"

Ko kallonta bai yi ba. Ya tattare riga, ya toshe hanci, yana tsallake kwatar yana tsaki: "Kai, mutanen Legas akwai ƙazanta!"