Waƙar da Rifkatu Ta Ɗauka Kafin Tiyata

Har yau ban manta da ranar da Rifkatu ta shigo situdiyona na ɗaukar waƙa a Kura ba, wuyanta naɗe da gyale, ga zafin bazara.

Rifkatu, da muke kira Maman Bulus, mawaƙiyar bishara ce, 'yar Filato. Dashen shinkafa ne ya kawo su Bunkure ita da mijinta, daga baya ta koma sana'ar turara shinkafa, kullum tana cikin hayaƙi. Ranar Lahadi kuma ita ke jan waƙa a cocinsu. Ni na ɗaukar mata kundin waƙoƙinta na farko, ya karɓu har ana gayyatarta bukukuwa a Kaduna da Jos. Ni Musulmi ne, amma ban taɓa jin murya irin tata a ɗakin nan ba.

Ku sababbin shiga wannan sana'a kun san ƙa'idarmu: kiɗa ake fara haɗawa, mawaƙi ya je gida ya yi bita, sannan ya dawo a ɗora murya baiti-baiti. Da ta ce sababbin waƙoƙi take son a ɗauka, sai na ce mata ta dawo mako mai zuwa.

Ta girgiza kai. "Malam Sani, babu lokacin bita. An ga ƙari a maƙogwarona, jibi za a yi mini tiyata a birni. Likita ya ce yana sa ran zan rayu, amma murya bai yi mini alkawari ba."

Na ba wani mai taki da ke jiran layin ɗaukar talla haƙuri, na tayar da janareta. Ko kiɗa ban tsaya haɗawa ba, na miƙa mata makirfo.

Baitin farko ya fita lafiya. A na biyu muryar ta soma dushewa. Ta kurɓi ruwan ɗumi, ta sake gwadawa, tari ya sarƙe ta. Da ta cire hankici daga bakinta na ga jini.

Na ce, "Maman Bulus, ya isa haka. Zan gyara sauran da kwamfuta."

Ta ce, "Kada ka gyara komai. Yarana su ji ni yadda nake."

Ta dafa bango ta ƙarasa amshin da ƙyar, kusan da raɗa. Waƙa shida ta zo da su a kanta, ɗaya muka samu.

An yi aikin, ta rayu, amma muryar ba ta dawo ba. Bayan damina na gan ta a kasuwar Bunkure tana auna shinkafa, da hannu take yi wa masu saye ciniki. Ta ce mini, a kunne, ranar Lahadi ana kunna waƙar a coci, ita kuma takan fita waje har a gama. Sauran biyar ɗin babu wanda ya san su.

Shi ya sa nake gaya muku, na'ura ba ta lalacewa don ta jira, amma maƙogwaron ɗan Adam ba shi da tabbas. In mawaƙi ya ce yau yake son a ɗauka, ku tambaye shi dalili kafin ku ce masa gobe.