Sitires Ɗin da Ya Raba Ni da Baƙona

Tun farko in faɗa, ni ne wawan wannan labari, don kada wani ya riga ni. Ni dillalin shanu ne a kasuwar Mai'adua, na tsufa a kara, wurin cinikin dabbobi. Boko kuwa a aji huɗu muka yi sallama, amma ɗan abin da na tsinto ya ishe ni damun mutane.

Wata shekara jikina ya mutu murus. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai, sai kasala da rashin barci. Babban ɗana ya ɗauke ni a babur zuwa asibiti a Daura. Likita ya auna nan, ya auna can, ya ce ba komai, sitires ne. A hanya na tambayi yaron ma'anarsa. Ya ce gajiya ce ta jiki da ta zuciya, irin ta mai yawan tunani, manyan ma'aikata ta fi kamawa. Wallahi sai na ji daɗi. Duk zuriyarmu ba wanda ya taɓa yin ciwon ma'aikata.

Na shimfiɗa tabarma a zaure. Mu nan, ko mutum na kan gargara aka ce masa ya jiki, da sauƙi zai ce. Ni kuwa duk wanda ya zo dubiya sai in gyara murya in ce, ai sitires ne. Su yi addu'a doguwa, su fita. Uwar yaran ta ce in daina, na ce mata ba ta yi makaranta ba.

Ashe magana ta bi 'yan babur ta tsallaka iyaka: dillali ya kamu da ciwo mai sunan Turanci, ko “da sauƙi” ba ya iya cewa. Ina da baƙo guda, Bafulatani mai shanu daga Nijar, wanda tun muna da baƙin gemu a hannuna yake sauke dabbobinsa. Shi ne rabin abincin gidana. Da ya ji, sai ya kai shanunsa wurin wani dillali, don ba a damƙa wa mai jiran kabari dukiya.

Ranar kasuwa na ja jiki na same shi a gindin bishiyar bedi. Na ce masa lafiyata lau, abin nan gajiya ce kawai aka sa mata sunan Turawa. Na fara yi masa bayani dalla-dalla, har da ɗaga yatsa.

Ya dube ni tun daga hula har takalmi.

“Malam, ni da na koro shanu a ƙafa tun daga daji, ka ce min ina gajiya ɗazu, na ce ba gajiya. Kai da ke zaune a inuwa kana cin la'ada, taka ce har da suna?”