Kowa da Sunansa

Ban yafe wa dogarin da ya tsaga bayan kakata da bulala ba. Jiya a ajin manya malam ya koya mana tilo da jam'i a Turanci, sai ranar da aka doke ta ta dawo mini.

Ina yarinya a Bungudu aka zo ɗibar mutane aikin hanyar jirgi. Tafintan Bature ya ce wa kakata, "Inna, maza ake so, ko su waye."

Ta tare ƙofa. "Ba tarin maza gare ni ba. Sani ne da Garba, kowa da sunansa."

Aka doke ta har jini ya rine zanenta, aka tafi da 'ya'yanta. Garba bai dawo ba.

Allah ya sanyaya makwancinta. Yau da safe na ce malam ya fara koya mini rubuta Garba.